Tsakanin Aji da Ɗakin Aiki: Tarihin Horar da Ma'aikatan Fasahar Lantarki a Arewacin Nijeriya

Aikin lantarki, kamar sauran rassan injiniyanci, a kan matakai uku yake tsaye. A sama akwai injiniya, wanda shi ne ke tsara tashar wuta ko layin da zai ɗauko ta, ya yi lissafin nauyin da kowace waya da kowace taransifoma za su iya ɗauka; a ƙasa kuma akwai mai sana'ar hannu, wato mai wayarin da mai hawa falwaya da mai naɗin kwayil, waɗanda aikin ke fita daga hannunsu. Tsakanin waɗannan biyu ne ake samun wanda ake kira teknishan, wato ma'aikacin fasaha mai matsakaicin mataki, wanda ya san ka'idar lantarki gwargwadon yadda zai karanta zanen injiniya ya fahimci dalilin kowane layi da ke cikinsa, ya kuma san aikin hannu gwargwadon yadda zai tsaya a kan masu sana'a ya gane kuskure tun kafin a saki wuta. Shi ne ke gwada na'ura kafin a kunna ta, shi ne ke bin sawun matsala idan injin masana'anta ya tsaya, shi ne kuma ke riƙe da littafin kula da tasha. Irin wannan ma'aikaci ba a samun sa daga aji kaɗai, ba a kuma samun sa daga gareji kaɗai, kuma tarihin horar da shi a Arewacin Nijeriya kusan duka tarihi ne na yadda aka haɗa waɗannan wurare biyu, da yadda daga baya suka rabu.

Wutar lantarki ta riga makarantar koyar da ita zuwa ƙasar nan da shekaru masu yawa. A shekarar 1896 aka kafa injin farko na samar da wuta a Legas, a ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka ta gwamnatin mulkin mallaka, domin haskaka tituna da gidajen gwamnati. A Arewa kuwa haƙar kuza ce ta fara jawo lantarki mai yawa, domin kamfanonin ma'adinai na tsaunukan Jos suna buƙatar ƙarfin da zai tura injinan haƙa da na wanke ƙasa, abin da ya kai ga kafa kamfanin NESCO a 1929, wanda ya riƙa samar da wuta da ƙarfin ruwa daga Kurra. A 1931, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe aikin ruwan famfo da lantarki na birnin Kano, wanda aka yi da kuɗin baitulmalin En'e, ana turo ruwa daga kogin Chalawa zuwa tankin Goron Dutse; Katsina ita ma ta samu nata gidan wutar a ƙarƙashin En'e cikin waɗannan shekaru. A duk waɗannan wurare injiniyoyi da manyan masu duba aiki Turawa ne, 'yan ƙasa kuwa suna shiga ne a matsayin leburori da yaran aiki, su koyi abin da ido ya gani da abin da maigida ya ga dama ya nuna. Da yawa daga cikinsu sun ƙware ƙwarai a hannu, amma ba su da takardar da za ta ɗaga su, ba su kuma da ilimin lissafin da zai ba su damar ɗaukar nauyin tasha.

Makarantun boko na farko a Arewa ba su cike wannan giɓi ba. Makarantar Nasarawa da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a 1909 tana da sashen sana'o'i, amma abin da ake koyarwa a ciki shi ne kafinta da ƙira da dukanci da makamantansu, Kwalejin Katsina kuma an kafa ta ne domin horar da malamai. Abin da ya yi kama da horon fasaha a wancan zamani a hannun ma'aikatun gwamnati yake, kowace tana horar da 'yan kaɗan domin buƙatar kanta: hukumar jirgin ƙasa da ma'aikatar safiyo da ta jiragen ruwa da gidan waya da Ma'aikatar Ayyuka duk sun buɗe irin waɗannan azuzuwa tsakanin farkon ƙarnin da shekarun 1930, kuma kusan dukansu a Kudu suke. Babbar Kwalejin Yaba, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1932 aka kuma buɗe ta a hukumance a 1934, ta koyar da injiniyanci, sai dai waɗanda suka gama ana ɗaukar su ne a matsayin mataimaka, da albashi ƙasa da na Bature, ko da kuwa sun shafe shekaru masu yawa suna karatu. Wannan ya tayar da ƙura a Legas tun daga farko, ya kuma dasa wani tunani da har yau bai gushe ba, cewa karatun fasaha da bai kai digiri ba karatu ne na wanda aka tauye.

Domin a fahimci tsarin da aka kawo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wajibi ne a dubi yadda Ingila kanta take horar da irin waɗannan ma'aikata, tun da daga can aka kwafo shi. A can cibiyar City and Guilds ta Landan, wadda aka kafa a 1878, ita ce ke shirya jarrabawar sana'o'i, daga farkon shekarun 1920 kuma aka fito da tsarin takardun shaida na ƙasa masu hawa biyu, ƙarami da babba, waɗanda ma'aikatar ilimi da ƙungiyoyin injiniyoyi ke bayarwa tare. Abin lura shi ne mafi yawan masu neman waɗannan takardu ba ɗalibai ne zalla ba: matasa ne da wani kamfani ya riga ya ɗauka koyon aiki, suna wuni a masana'anta, su tafi kwaleji da yamma ko kuma a sake su rana ɗaya a mako. Saboda haka kwalejin tana bayar da rabin horon ne kawai, wato lissafi da ka'ida da zane, ɗaya rabin kuwa yana wuyan mai masana'anta. Tsari ne da ya dace da ƙasar da ke cike da masana'antu, kuma nasararsa a kowace ƙasa ta dogara ne ga ko akwai wuraren aikin da za su ɗauki nasu rabin.

Shirin raya ƙasa na shekara goma da aka fara a 1946 shi ne ya fara ware kuɗi na musamman domin ilimin fasaha, aka kuma tsara shi hawa-hawa: cibiyoyin koyon sana'a domin masu aikin hannu, da cibiyoyin fasaha domin ma'aikata na tsakiya, irin wadda aka buɗe a Yaba a 1947, sannan Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya mai rassa a Zariya da Ibadan da Inugu, wadda reshenta na Zariya ya riƙe sashen injiniyanci har ya zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A daidai wannan lokaci aka yi dokar kafa hukumar lantarki ta ƙasa, ECN, a 1950, ta fara aiki a 1951, ta karɓi gidajen wutar Ma'aikatar Ayyuka da na En'e ta haɗa su a hannu ɗaya. Wannan ya samar da babban ma'aikaci guda mai buƙatar ɗaruruwan mutanen da suka san mita da taransifoma da na'urorin kariya, kuma mai ikon horar da su a tashoshinsa.

A Arewa buƙatar ta fi tsanani, domin gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta ɗauki manufar maye guraben ma'aikata da 'yan Arewa, ta kuma tarar cewa a fannin fasaha kusan babu waɗanda za a maye da su. Cibiyar Fasaha ta Kaduna, wadda aka kafa a 1956, amsa ce ga wannan matsala. An shimfiɗa mata matakala daga ƙasa: yaro ya gama firamare ya shiga makarantar sana'a ta lardi, wanda ya yi fice ya wuce cibiyar koyon sana'a irin ta Bukur ko Kano ko Ilori, inda zai yi shekaru yana koyon wayarin da gyaran injina har ya zauna jarrabawar City and Guilds, mafi hazaƙa kuma su isa Kaduna. Garuruwa irin su Wudil da Mashi da Soba sun yi suna da makarantun fasaha da suka tsiro daga wannan tsari. Kyawun matakalar shi ne wanda ya iso samanta ya riga ya riƙe filaya da sukuddireba shekaru kafin ya fara lissafin wuta mai fuska uku, kuma da yawa daga ɗaliban Kaduna na farko ma'aikata ne da ma'aikatunsu suka turo, suna karatu suna karɓar albashi, suna komawa bakin aiki lokacin hutu.

Hukumar da Sir Eric Ashby ya jagoranta, wadda ta miƙa rahotonta kan ilimi mai zurfi a 1960, ta yi gargaɗi a fili cewa kowane injiniya yana buƙatar ma'aikatan tsakiya da dama a ƙarƙashinsa, kuma ƙasar da ta yawaita injiniyoyi ba tare da su ba za ta ƙare da injiniyoyi suna yin aikin da bai kai matsayinsu ba, ko kuma aikin ya zauna babu mai yi. An karɓi ɓangaren rahoton da ya shafi jami'o'i hannu bibbiyu, har aka wuce adadin da ya ba da shawara, ɓangaren fasaha kuwa aka bi shi da sanyin jiki. Wannan zaɓi ne da shugabannin farko na ƙasar suka yi da idonsu a buɗe, kuma yana cikin manyan kurakuran da aka tafka a harkar ilimi bayan samun mulkin kai.

Duk da haka, shekaru ashirin da suka biyo baya su ne zamanin da horon ya fi inganci, kuma dalilin bai wuce yawan wuraren aiki ba. An kafa hukumar madatsun ruwan Neja a 1962, aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka fara shimfiɗa manyan layuka masu ɗaukar kilobolt 330 da 132 zuwa Kaduna da Kano, a 1972 kuma aka haɗe hukumar madatsun da ECN aka samar da NEPA, wadda ta riƙe makarantun horo na kanta a wurare irin su Ijora da Kainji da Afam da Kaduna. Masaƙun Kakuri, waɗanda suka fara da masaƙar Kaduna a 1957, da masana'antar kayan tsaro ta 1964, da gidan rediyo da talabijin na Kaduna, da kamfanin haɗa motocin Peugeot na 1975, da matatar mai ta 1980, da unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano, dukansu suna da manyan injinan lantarki da allunan sarrafa wuta da ke buƙatar mai kula dare da rana. A cikin wannan yanayi ne cibiyar Kaduna ta girma ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968, mallakar jihohin Arewa baki ɗaya, har zuwa 1991 da gwamnatin tarayya ta karɓe ta. Ɗalibin sashen lantarki na kwalejin da ke Tudun Wada a wancan lokaci yakan san inda zai yi aiki tun kafin ya rubuta jarrabawar ƙarshe.

A shekarun 1970 ne aka ba tsarin siffar da yake da ita a yau. An kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, a 1971, shi kuma ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973, wanda ke tura ɗalibai masana'antu na wasu watanni domin sanin makamar aiki. Ƙirƙiro shirin kansa shaida ce cewa masu masana'antu sun fara kokawa da ɗaliban da ke fitowa ba su taɓa injin gaske ba. A watan Janairun 1977 aka kafa hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna, wadda aka ɗora wa tsara manhaja da tantance kwasa-kwasai, aka kuma buɗe sababbin kwalejojin tarayya a Bida da Ida da Bauci da Mubi, daga baya Ƙauran Namoda da Nasarawa da Damaturu, baya ga na jihohi irin su Kwalejin Ramat ta Maiduguri da ta Hassan Usman a Katsina da ta Nuhu Bamalli a Zariya. Tsarin da ya zauna shi ne shekara biyu ta ƙaramar difloma, wadda mai ita shi ne teknishan, sai shekara ɗaya cur ta aiki a masana'anta, sannan shekara biyu ta babbar difloma, inda ɗalibi ke zaɓar fanni: ko wuta da injina, ko lantarki mai laushi da sadarwa, ko na'urorin awo da sarrafawa. A matakin farko ana koyar da ka'idar zagayen wuta, da zanen wayarin bisa ƙa'idojin da aka gada daga Ingila, da injinan lantarki, da awo, da yadda wuta ke saukowa daga babban layi zuwa kilobolt 33, zuwa 11, har ta iso gidaje. Shekarar nan ta tsakiya ita ce zuciyar tsarin, domin ita ce ta maye gurbin koyon aikin da matashin Ingila ke yi a masana'anta.

Kuɗin mai ya sa an yi gaggawa a wasu wurare. Daga 1977 gwamnatin soja ta tura dubban matasa Amurka da Kanada da ƙasashen Turai domin horon fasaha na gajeren lokaci, a 1982 kuma aka fara tsarin 6-3-3-4, wanda ya sanya darasin gabatarwar fasaha a ƙananan sakandare, aka sayo kayan aiki daga ƙasashen gabashin Turai. Sanannen abu ne cewa da yawa daga waɗannan kaya sun lalace a cikin akwatunansu, saboda makarantun ba su da ɗakin aiki, ko ba su da wuta, ko ba su da malamin da ya san yadda ake girka su.

Daga tsakiyar shekarun 1980 ne ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashin tsarin. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kayan ɗakunan gwaji da ake sayowa daga waje suka fi ƙarfin kwalejoji, injinan da aka girka tun zamanin Turawa suka tsufa babu maye. NEPA ta rage ɗaukar ma'aikata, makarantunta suka yi rauni, masaƙun Kaduna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya har zuwa shekarun 2000, masana'antun Kano da yawa kuma suka bi sahu, kuma rashin tsayayyiyar wuta yana cikin manyan abubuwan da suka kashe su. Sakamakon haka ɗalibin da ya gama ƙaramar difloma ya koma yawo da takarda yana neman inda zai yi shekararsa ta aiki, wani ya ƙare a ofishin da babu ko mita, wani ya sami mai sa masa hannu a littafi ba tare da ya je ba. Darasin da ya kamata a yi a kan benci ya koma kan allo, ana zana wa ɗalibai na'urar da ba su taɓa gani ba. Kwalejoji da dama kuma, domin neman kuɗin shiga, suka faɗaɗa kwasa-kwasan kasuwanci da mulki waɗanda ba sa buƙatar ɗakin aiki, alhali manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi kashi 70 cikin ɗari na gurabe ga fannonin kimiyya da fasaha.

A gefe guda kuma akwai matsalar matsayi, wadda ta samo asali tun daga Yaba. Majalisar kula da injiniyanci, COREN, da aka kafa a 1970, sai a 1992 aka gyara dokarta ta fara yi wa dukan matakan rajista, daga injiniya har zuwa mai sana'ar hannu. A aikin gwamnati an daɗe ana tsayar da mai babbar difloma a wani matakin albashi da ba ya wucewa, yayin da mai digiri ke iya kaiwa darakta, kuma ƙudurin da majalisar tarayya ta zartar a 2021 domin kawar da wannan bambanci bai sami sa hannun shugaban ƙasa na lokacin ba. Illar wannan ta wuce ta albashi: ta sa iyaye da ɗalibai suna ɗaukar kwalejin fasaha a matsayin mafakar wanda bai sami jami'a ba, ta kuma sa wanda ya gama difloma yana hanƙoron ya mayar da ita digiri maimakon ya zurfafa a aikin da aka horar da shi dominsa.

Giɓin da aka bari masu koyon sana'a a hannun iyayen gida ne suka cike shi. Mafi yawan gidaje da shaguna a Kano da Kaduna da Sakkwato mutanen da suka koya a wurin maigida ne suka yi musu wayarin, su ne kuma ke gyaran janareta da naɗin kwayil na injina da fanka, kuma kasuwar Panteka ta Kaduna ta nuna iyakar abin da hannu zai iya ƙerawa ba tare da aji ba. Ba a raina wannan ƙwarewa, amma tana da iyaka a daidai inda ka'ida ke shigowa: kaurin wayar da ya dace da nauyin da za a ɗora mata, da haɗa waya da ƙasa domin kariya, da zaɓen fis ko na'urar yanke wuta, su ne abubuwan da sakaci da su ke haddasa gobara a kasuwanni da gidaje. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a farkon shekarun 1990 ta karɓi jarrabawar makarantun fasaha, da gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago, da sabon tsarin tantance ƙwarewa da NBTE ke jagoranta, wanda ke auna mutum da abin da ya iya yi ko a ina ya koya, duk ƙoƙari ne na jawo waɗannan mutane cikin tsari, kuma hulɗar da Kwalejin Kaduna ta ƙulla da masu sana'ar Panteka tana cikin matakai mafi ma'ana da aka ɗauka.

Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta rushe NEPA, aka kafa cibiyar horo ta NAPTIN a 2009 ta gaji tsofaffin makarantunta, ciki har da na Kaduna da Kano da Jos da Kainji, a watan Nuwamban 2013 aka miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, a 2015 kuma aka yi dokar hukumar NEMSA mai ba masu wayarin takardar izini. Yaɗuwar wutar sola a gidaje da asibitoci da rijiyoyin burtsatse, tare da dokar lantarki ta 2023 da ta ba jihohi ikon kafa kasuwar wuta ta kansu, sun dawo da buƙatar ma'aikacin tsakiya fiye da kowane lokaci tun zamanin Kainji, domin batir da inbata da faifan sola ba sa jure kuskuren lissafi. Sai dai sababbin gine-gine da kayan da asusun TETFund ke samarwa ba za su wadatar ba muddin shekarar aiki ta ci gaba da zama sa hannu a littafi. Ya zama wajibi gwamnatocin jihohin Arewa su sanya ɗaukar ɗaliban difloma koyon aiki, da biyan su, da tsayawa a kansu, cikin sharuɗɗan lasisi da kwangilar da suke ba kamfanonin rarraba wuta da na sola, kamar yadda ECN da masaƙun Kakuri suka yi wa ɗaliban Kaduna na farko.